Direban da Ya Ƙwace Mini Jibo

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Jibrin, wanda tsofaffin Haɗeja suka sani da Jibo Mai Banda. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Masu rubuta irin wannan waiwaye sukan fara da cewa zuciyarsu ta yi sanyi, sun bar wa Allah komai. Ni ma mutuwar na bar wa Allah tuntuni, ba ni da ta cewa a kanta. Akwai dai abin da ban bari ba, kuma tunda na tsufa har jikoki sun fara ɗaga mini murya kamar kurma, bari in faɗe shi kowa ya ji: har yau ina kishin mutumin da ya take Jibo da mota. E, haka na ce. Haushi daban, kishi daban, ni kuwa kishin nake nufi.

Sunana Idrisu, Idi ake ce mini. Ni da Jibo unguwa ɗaya muka tashi, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya, a ɗaki ɗaya muka yi jinya. Shi asalinsa Bafulatani ne, sai dai shanun gidansu sun ƙare tun zamanin kakansa, bai gaji komai ba sai dogon hanci da bakin tsokana. Ni Bahaushe ne gajere mai saurin hawa. Lokacin da aka samu 'yancin kai muna samari, kowa ya yi ta-maza ya sayi keke, muka kama sana'ar banda. Mu shiga ƙauyukan fadama ta wajen Kirikasamma, mu sayi tarwaɗa da karfasa da masunta suka kyafe, mu ɗaure kwanduna a bayan keke mu kawo kasuwar Haɗeja. Da magariba kuma kwanon gidana da na gidansa a tabarma ɗaya suke haɗuwa, a ƙofar gidansa. Duk wanda ya ga ɗayanmu shi kaɗai sai ya tambaya ko lafiya.

Ni na riga shi samun ɗa namiji. Ban yi shawara da kowa ba na sa masa Jibrin, har mahaifina ya daina amsa gaisuwata da kyau don ya sa rai da nasa sunan. A wurin raɗin sunan Jibo ya kama hannuna ya ce, "Idi, ka riga ni. To ka sani, ranar da Hajjo ta haifi namiji, Idrisu ne." Yaran yanzu ba lallai su gane nauyin wannan magana ba. Abokai kowa yana da su burjik, amma wanda ka yi wa takwara shi ne ka nuna wa gari ka ce ga aminina, ba na biyunsa. Sai Hajjo, matarsa, ta yi ta jero mata. Duk haihuwa in taho barka gabana yana faɗuwa, Jibo ya tare ni a zaure yana dariya ya ce, "Takwaranka ya aiko, wai ba zai zo ba sai an gyara hanya."

Hanyar kuwa tana bukatar gyaran. Ta burji ce, siririya, an ɗaga ta sama saboda ambaliya, in fadama ta cika sai ka ga hagu ruwa dama ruwa. Da kaka takan zama ta manyan motocin gyaɗa masu bodin katako da ke kai kaya tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. A kan sawu ake sallamar direba, don haka kowa sauri yake ya sauke ya dawo. Direban wancan zamani kuwa sarki ne. Hula a karkace, hankici a wuya, in ya danna ham daga nesa, to ya gama nasa, saura naka. Mai jaki ya ja jakinsa cikin ruwa, mai keke ya faɗa gefe. Ba zai ɗaga ƙafa daga totur don talaka mai warin kifi ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, muna dawowa da kaya, Jibo a gaba ni a baya. Motoci biyu suka taso mana suna tsere, ɗaya tana neman wuce ɗaya a inda ko mota guda da ƙyar take bi. Ni na saki keke na auka ruwa. Jibo ya tsaya ceton kwandonsa, tayar bayan ɗaya daga cikinsu ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Ni na yage rigata na ɗaure ƙafar, ni na goya shi har inda muka samu amalanke, ni na zauna da shi a asibiti har aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Direban bai tsaya ba. Ya zarce ya kai kansa wurin 'yan doka don tsoron kada jama'a su huce a kansa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, ni na goya, shi ya gudu.

Da Jibo ya fara samun sauƙi sai na ɗaura ɗamarar neman masa diyya. Na bi ƙauyuka na lallaso mutanen da suka ga tseren, wasu sai da na yi ta haɗa su da Allah kafin su yarda su zo gaban alƙali, don talakan lokacin ya fi tsoron kotu a kan kura. Malamai sun gaya mini ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ce. Mai motar kuma wani attajiri ne a Kano, an ce ma motar tana da inshora. Har na gama tsara komai a raina: a saya wa Jibo rumfa a kasuwa ya zauna, ni in riƙa shiga fadama ina kawo kifi, shi yana sayarwa. Ya rasa ƙafa, to ga nawa biyu, mu ci gaba da zamanmu yadda muka saba.

Ranar shari'a na ɗora shi a keke na tura shi har kotu. A nan ne muka fara ganin direban ido da ido. Modu sunansa, mutumin Nguru, baƙi ƙaƙƙarfa, ga tsagar Barebari reras a kumatunsa. Yana durƙushe, jikinsa sai ɓari yake. Shaidu suka yi bayani tiryan-tiryan, Modu bai musa ko ɗaya ba. Alƙali ya juyo ga Jibo ya ce ya faɗi abin da yake nema. Jibo bai dubi alƙali ba, fuskar Modu ya ƙura wa ido.

"Allah ya gafarta Malam, wannan da nake gani Babarbare ne?"

Aka ce shi ne.

"Af, to ai babu shari'a. Bawana ne. Yaushe aka fara karɓar diyya a hannun bawa? Abin da ya mallaka duk nawa ne, har hular kansa."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Amma wa ya taɓa jin an kawo shi gaban alƙali, a kan ƙafar mutum? Sai Modu ya ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Wallahi da na san Bafulatani ne, da na haɗa da ɗayar." Wuri ya kece da dariya, har ɗan dokan da ke bakin ƙofa sai da ya juya baya. Alƙali ya tsawatar, ya ce nan ba dandali ba ne, ya tambayi Jibo ko wasa yake ko yafewa ya yi. Jibo ya ce, "Na yafe, duniya da lahira." Aka sake tambayarsa, ya sake faɗa. Mai haƙƙi kuwa in ya furta wannan da bakinsa, magana ta mutu. Hukuma ta yi nata hukuncin na tuƙin ganganci, aka raba Modu da sitiyari na ɗan lokaci, shi ke nan.

Na turo Jibo gida na cika na yi fam. Mun kusa unguwa ya ce, "Idi, ba ka ga yadda jikinsa ke rawa ba? Attajirin nan ko ya biya, a jikinsa zai fanshe. Yana da 'ya'ya fa." Na ce, "Kai kuma naka 'ya'yan itace ne?" Na ci gaba da tura keken har ƙofar gidansa.

Nakan zauna yanzu a bakin titi in ga tireloli da tankokin mai suna wucewa kamar za su tashi sama, in ce ina ma Jibo ya ga wannan. Motar Modu da muke kira gingimari, a bayan tirelar yau sai a loda ta a rufe da tamfol. An shimfiɗa kwalta, an faɗaɗa hanya, amma halin bai canja ba, mai babbar mota har gobe gani yake hanya gadon ubansa ce. Abin da ya canja shi ne abin da ke biyo bayan haɗari. Yau in tirela ta take mutum, kafin a ɗaga shi an zagaye shi da wayoyi ana ɗaukar hoto, matasa sun tare hanya suna neman fetur su cinna wa motar wuta. Daga nan a shiga zirga-zirga tsakanin 'yan sanda da ƙungiyar direbobi da lauyoyi da kamfanin inshora, mai karaya yana kwance ana ciniki a kansa, kuma da wuya ya taɓa ganin fuskar wanda ya take shi. Na san abin da Jibo zai ce. Zai ce, "To in ba ka ga fuskarsa ba, ta yaya za ka san ko bawanka ne?" Ni kuwa har yanzu ina nan a kan bakana: wanda aka raunata a biya shi haƙƙinsa, a yi wasan daga baya. Ban taɓa canja ra'ayi a kan wannan ba.

Ba a yi nisa da shari'a ba sai ga Modu a ƙofar gidan Jibo da magariba, da ƙullin goro, da kwanon tuwo da ya sayo a tasha. Ya ajiye kwanonsa kusa da namu ya zauna, ba wanda ya ce masa bismilla. Na ɗauka zuwan neman gafara ne, zai yi sau ɗaya ya ɓace. Ina! Duk ranar da ya kwana a Haɗeja sai ya zo. Su yi ta zage-zagensu, wannan ya ce Bafulatani marowaci mai ƙafa ɗaya, wancan ya ce Babarbare makahon direba, su sheƙe da dariya har Jibo ya ƙware. Ni ina gefe ina tauna tuwo kamar ƙasa. Ba ni da rabo a wasan nan, ba a haife ni cikinsa ba. In na zagi Jibo zagi ne, in Modu ya zage shi zumunci ne. Rannan na gwada, na ce wa Modu bawa. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Malam Idi, me na yi maka?" Malam Idi! Shi Jibo ɗan banza ne a bakinsa, ni kuma Malam. Ban taɓa jin girmamawar da ta ƙona ni kamar wannan ba.

Da aka mayar wa Modu mota sai ya rantse a gaban mutanen tasha cewa muddin yana tuƙi, gidan gaba na Jibo ne. Gidan gaba a lokacin ba wurin kowa ba ne, kujerar alhazai ce da manyan 'yan kasuwa, sauran jama'a a baya suke hawa kan buhuna. Gyaɗa ta fara ja da baya, Modu ya koma ɗaukar banda zuwa kudu, Jibo ya zama mai rakiyar kayan 'yan kifi, shi ke kai wa Anaca da Ikko ya sayar ya dawo. Bakinsa ya yi masa rana, ya koyi ciniki da yaren mutanen can, ya samu rufin asiri fiye da rumfar da na tsara masa. Ni kuwa ina nan da kekena. In shiga fadama in kawo kifi, in loda shi da hannuna a motar da ta cinye ƙafar aminina, in ga Modu ya cicciɓe shi ya ɗora a kujera, su tafi.

Su dawo da labarai. Gadar Jabba, teku, jiragen ruwa masu tsayin bene, wata mai abinci da ta bi su da muciya. Ɗaya ya fara labari ɗaya ya ƙarasa, wani lokacin ma kalma guda za su faɗa su fashe da dariya, in na tambaya su ce, "Sai wanda ya je." Har Jibon kansa na yi wa kishi. Ina da ƙafa biyu ban wuce Kano ba, mai ƙafa ɗaya ya ga ƙarshen ƙasa. Akwai ranar da nake tura keke cikin yashi, rana tana dukana, na ji raina yana cewa da ni ne a gaba ran nan, da yanzu ni ke zaune a kujerar. Sun taɓa yi mini tayi, ba zan yi musu ƙarya ba. Na ce ba na shiga motar da ta sha jinin ɗan'uwana. Jibo ya ce, "Jinin nawa ne ko naka?" Daga nan ba su sake tayi ba, ni ma ban nema ba.

Maganar takwara kuwa tun shigowar Modu ba a sake tayar da ita ba. Hajjo ta ƙara haihuwar mace, na je barka, Jibo ya tare ni da fara'a amma bai yi wasan gyaran hanya ba. Wannan shirun ya tsaya mini a rai. Modu ai Muhammadu ne a bakin Barebari. In Jibo ya tashi ranar suna ya ce Muhammadu, wa ya isa ya yi gardama da sunan Manzon Allah? Zan yi salati tare da kowa, in ci goro, in koma gida, gari kuma ya gane wa aka zaɓa. Tambayarsa ban iya ba. Mutum ba ya zuwa ya ce wa amininsa, har yanzu ni ne?

Sai aka canja hannun tuƙi a ƙasar nan, motoci suka bar hagu suka koma dama. Sababbin motoci suka zo da sitiyari a hagu, amma tsofaffi irin ta Modu nasu yana nan a dama. Ma'ana, direba ya koma gefen daji, wanda ke gidan gaba shi ya koma tsakiyar titi, shi ke fuskantar duk abin da ke tahowa. In Modu zai wuce wata mota ba ya ganin gabansa, sai Jibo ya leƙa ya ce masa shiga, ko ya ce dakata. Jibo ya zama idonsa. Yana alfahari da wannan, yakan ce, "Bawan nan ba ya motsi sai da izinina." Lokacin kuma kuɗin mai ya shigo, tireloli masu ɗaukar siminti suka cika hanyar kudu, yara ƙanana da ba su gama koyon giya ba aka damƙa musu. Na ce wa Jibo ya bar tafiyar nan, ga Hajjo da tsohon ciki. Ya ce in ya bari wa zai gani wa makaho hanya.

Bayan Makwa abin ya faru, kafin a kai Jabba. Ba su ne suka shiga hannun kowa ba, suna kan nasu. Wata tirela ce ta fito wuce 'yar'uwarta a kwana, ta shafe gefen da Jibo yake. Modu ya fita da karayar hannu. Mutanen wani ƙauye na bakin hanya suka taimaka masa, shi ya yi wa Jibo wanka da hannu ɗaya, shi ya tsaya aka yi masa salla, shi ya ga inda aka sa shi. Mu sai labari ya iske mu bayan an gama komai. Na yi kuka irin wanda ban yi wa mahaifina ba, kuma ko a cikin kukan ina jin wani abu yana ce mini, wankan ma shi ya samu.

A wannan karon ba wanda ya ce ya yafe, amma ba a samu wanda za a kama ba. Yaron da ke tuƙa tirelar ya shiga daji. Kamfanin ya ce a je wurin masu inshora, masu inshora suka ce a kawo takardar 'yan sanda, 'yan sanda suka ce sai an ga direba. Yayan Jibo, Yaya Sambo, ya yi ta hawa mota yana sauka har ya gaji ya ce ya bar su da Allah. Wanda ya yafe diyyar ƙafa da bakinsa, ta ransa ko ƙwandala 'ya'yansa ba su gani ba.

Hajjo tana cikin takaba ta haihu. Namiji. Da safiyar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, a daidai inda muke cin tuwo. Liman ya zauna, ga rago a ɗaure, ga Modu can gefe da hannu a rataye. Yaya Sambo ya dubi jama'a ya ce, "Marigayi ya bar wa wani suna? In bai bari ba, sai a mayar masa da nasa." Alkawarin da na sani tsoho ne, tun kafin mota, tun kafin Modu. Kuma da wane ido zan tashi a gaban mutane in ce a sa sunana? Na sunkuyar da kai ina jiran a ce Jibrin ko a ce Muhammadu.

Modu ya yi gyaran murya ya ce, "Ya bari. A hanya ya gaya mini. Ya ce in namiji ne, Idrisu."

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mutane suka yi ta miƙo mini hannu. Daɗi ya rufe ni. Amma kafin a gama feɗe ragon daɗin ya gauraye da wani abu. A hanya ya gaya masa. Shi ya gaya wa, ba ni ba. Abin da na shekara da shekaru ina jira, daga bakin Modu ya fito. Daga baya ma wata tambayar ta zo ta zauna mini: anya Jibo ya faɗa? Ko dai Modu ne ya dubi wannan gajeren mai sunkuye da kai ya ji tausayinsa, ya yi masa sadaka?

Haka muka rayu ni da Modu, muna gaisawa muna ja-in-ja a kan marayun nan ba tare da ɗayanmu ya furta ba. In na kai musu shinkafar fadama, ya sauke buhun garin kwaki daga kudu. In na ɗinka wa takwarana rigar salla, ya zo da takalmi mai ƙara. Na sa yaron a makaranta, na so ya zama malamin asibiti. Yana tasawa ya bi Modu tasha. Yau Idrisu direban tirela ne, da furfura a gemunsa. Yana girmama ni, ba ya wucewa bai tsaya ya gaishe ni ba, kuma an shaide shi ba ya tsere, ba ya matse mai babur. In na yaba sai ya ce, "Baba Modu ne ya hore ni haka, ya ce shi ya san abin da taya take yi wa ƙafa." In yi murmushi in ce madalla, in haɗiye sauran.

In aka ce me ya rage na Jibo bayan shekara arba'in, ba shi da yawa. Fadamar da muka sani ta ja baya, ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, bandar ma yanzu rabinta ta kifin gidan gona ce. Kabarinsa ban san inda yake ba, an ce aikin titi ya bi ta wajen. Akwai 'ya'yansa mata da jikoki cike da gidaje, akwai wasu tsofaffi a tasha da har yanzu in an yi rigimar haɗari sukan ba da labarin Bafulatanin da ya yafe ƙafa don wasa. Wasu su ce waliyyi ne, wasu su ce wawa. Ni da na san shi na san ba ko ɗaya, mutum ne da ba ya iya ganin wani yana rawar jiki a gabansa. Sai kuma direba guda ɗaya mai hankali a kan titi, wanda ba don wancan yafiyar ba da ba a same shi ba. Wannan ko ni ban isa in musa ba.

Bara waccan aka ce mini Modu yana kwance. Ya daɗe da dawowa Haɗeja da zama, idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Na sa jikana ya kai ni a babur da la'asar. Na same shi a zaure, ya rame, tsagar nan ta nutse cikin tamoji. Muka gaisa. Na ga in ban tambaya yau ba, ba ranar tambaya.

Na ce, "Modu, tsakaninka da Allah. Ya faɗa, ko kai ka ƙaga?"

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Malam Idi, ashe abin nan yana cinka har yau? Ya faɗa mana. Mutumin da tun daga Haɗeja har Anaca ba shi da zance sai naka? Idi ya ce, Idi ya yi, da Idi yana nan da ya yi faɗa. Sau nawa na ce zan sauke shi a daji in bai rufe mini baki da Idin nan ba. Ni na ɗauke shi, ni na sauke shi, amma ko sau ɗaya bai ce mini amini ba. Bawa dai, bawa dai."

Na matsa kusa da shi na ce, "To me yake cewa a kaina? Gaya mini."

Ya juyo da makafin idanunsa wajena, ya yi murmushi, ya ce, "A'a. Kai ka samu suna. Wannan kuma ni aka gaya wa."

Na roƙe shi, na yi fushi, na yi tsaki na tashi, na sake komawa bayan kwana biyu da goro. Ko gezau. Bai daɗe ba ya cika. Na je jana'izarsa, na kama makara da ɗan ƙarfin da ya rage mini, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, Allah ya sani. Allah ya jiƙan Modu, ya jiƙan Jibo, ya kyauta namu zuwan. Amma a hanyar dawowa daga maƙabarta, mutane suna ta zancen halinsa na kirki, ni abin da ke cina daban ne. Shi zai riga ni ganin Jibo.